Ƙwayoyin Bakteriya da Aikin Ɗakin Awo

Mai karatu, idan ka kai mara lafiya asibitin Gaya, ba kullum likita ke rubuta magani nan take ba. Wani lokaci sai ya ba ka takarda, ya ce a je ɗakin awo, wanda ake ce wa labo. A can za a ɗebi jini. Ko kuwa a ba ka ƴar kwalba, a ce a kawo fitsari, ko kaki, ko bayan gida. Wasu mutane sukan ji haushi. Sukan ce: "Mun zo neman magani, an ce mu dawo gobe!"

To, me ake nema cikin wannan kwalba? Me ya sa ake jira? Wannan darasi zai yi maka bayani.

Mene ne bakteriya?

Bakteriya halittu ne masu rai, ƙanana ƙwarai. Ido ba ya ganinsu. Dubi ma'aunin tela. Tsakanin ƙaramin layi da ƙaramin layi shi ne milimita ɗaya. Idan aka jera bakteriya wajen 1,000, sannan za su cika wannan ɗan wuri.

Suna ko'ina. Suna cikin ƙasa, da ruwan kogi, da ƙura. Suna bisa fatarmu, da cikin bakinmu, da cikin hanjinmu.

Kada ka ɗauka duka mugaye ne. Yawancinsu ba sa cutar da kowa. Wasu ma amfani suke yi mana. Su ne ke mai da madara ta zama nono. Su ne ke nunar da kalwa ta zama daddawa. Idan ka tumɓuke wake ko gyaɗa, za ka ga ƴan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. Bakteriya ne a ciki, suna ƙara wa gona ƙarfi.

Amma akwai masu kawo cuta. Sanƙarau, kwalara, tarin fuka, taifot, tarin shiƙa, ciwon sanyi da tunjere, duk aikin bakteriya ne.

Bakteriya ba ta haihuwa kamar dabba. Rabewa take yi gida biyu. Ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Akwai irin da ke rabewa kowane minti 20 idan ta sami ɗumi da abinci. Cikin awa 7, guda ɗaya ta zama fiye da miliyan 2. Ka ga dalilin da ya sa miyar da ta kwana a buɗe lokacin zafi take lalacewa. Ka ga kuma dalilin da ya sa yaro ke wasa da safe, da dare ya kwanta rai a hannun Allah. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ba kowace cuta ce ta bakteriya ba

Wannan magana tana da muhimmanci. Masassarar cizon sauro ba bakteriya ke kawo ta ba. Wata ƙwaya ce dabam da ke shiga cikin jini. Ƙyanda, da mura, da shan inna, da sida, su kuma wasu ƙwayoyi ne da ake kira birus ke kawo su. Birus ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Maganin da ke kashe bakteriya sunansa antibiyotik. Misalinsa shi ne amoksisilin. Wannan magani ba ya taɓa birus. Wanda ya sha shi don mura ya yi asarar kuɗinsa.

Ga matsalar: cututtuka da yawa suna farawa iri ɗaya. Zafin jiki, ciwon kai, amai. Masassarar sauro haka take farawa. Taifot haka, sanƙarau ma haka. Likita yakan yi zato daga alamun da ya gani. Amma ɗakin awo ne ke tabbatarwa.

Su wa suka fara ganinsu?

A garin Delft na ƙasar Holan an yi wani mai sayar da yadi, sunansa Antoni van Leeuwenhoek. Yakan goge ƴan gilasai da hannunsa don su ƙara girman abu. A shekarar 1676 ya ba da labarin ƙananan halittu da ya gani suna motsi cikin ruwa. Daga baya ya gan su cikin dattin haƙori.

An yi kusan shekara 200 kafin a gane cewa wasunsu ne ke kawo cuta. Louis Pasteur na Faransa da Robert Koch na Jamus su ne manyan waɗanda suka nuna haka. A 1882 Koch ya gano ƙwayar tarin fuka. A 1884 wani likita ɗan ƙasar Danmak, Hans Christian Gram, ya samo hanyar rina bakteriya don a bambanta su. Har yau da wannan rini ake aiki a ɗakunan awo na duniya. A 1928 Alexander Fleming ya gano fenisilin a birnin Landan.

Mataki na ɗaya: abin da za a auna

Ana neman ɓarawo ne a inda ya ɓuya. Mai tari, a nemi kakinsa. Mai zawo, a nemi bayan gidansa. Mai jin zafin fitsari, a nemi fitsarinsa. Mai miki, a ɗebi mugunya. Wanda ake zaton taifot, a ɗebi jini. Wanda ake zaton sanƙarau, a ɗebi ruwan gadon baya.

A nan kai ma kana da aiki. Kwalbar da aka ba ka a labo an riga an kashe duk wata ƙwaya da ke cikinta. Kada ka wanke ta da ruwan randa. Kada ka sa yatsa ciki. Kada ka canza ta da kwalbar gida. In ka yi haka, za a ga ƙwayoyin da ba na cutar ba ne, awo ya ɓaci.

Idan fitsari ne, ka wanke jikinka tukuna. Ka bar na farko ya zuba, ka tari na tsakiya. Ka rufe, ka kai da wuri, kada ya wuce awa 2.

Idan kaki ne, ba yawu ake so ba. Ka kurkure baki da ruwa. Ka ja numfashi sosai, ka yi tari daga ƙirji, a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da mutane. Na sassafe ya fi kyau.

Mataki na biyu: rini da madubi

Ma'aikacin labo yakan shafa ɗan kaɗan bisa wani siririn gilashi. Ya bari ya bushe. Sannan ya zuba rini. Da farko rini mai launin shuni. Sai ya wanke da wani ruwa mai kama da alkol. Sai ya zuba jan rini. Wasu bakteriya suna da kauri a bangon jikinsu, su kan riƙe shunin. Wasu kuwa shunin yakan wanke, sai su ɗauki ja. Wannan shi ne rinin Gram. Da shi an raba bakteriya gida biyu.

Daga nan sai ya sa gilashin ƙarƙashin madubin likita, wato mikroskop. Wannan madubi yana ƙara girman abu sau 1,000. Gani ya kori ji. Ga abin da yakan gani:

- Masu kama da ƙwallo. Wasu a jere kamar carbi. Wasu a cure wuri ɗaya. Wasu bibbiyu.
- Masu kama da ɗan sanda, kamar ƙwayar taifot.
- Masu lanƙwasa kamar lauje. Haka ƙwayar kwalara take.

Siffa da launi su ne alamun farko. Misali, babbar ƙwayar sanƙarau, mai suna meningokok, ja take fitowa, bibbiyu, suna fuskantar juna kamar ɓarin goro biyu. Akwai wata mai suna nimokok, ita ma tana kawo sanƙarau, amma shuni take fitowa. Wannan aiki ba ya kai awa ɗaya.

Mataki na uku: shuka

Madubi kaɗai ba ya faɗin kome da kome. Bakteriya da yawa sun yi kama da juna. Don haka sai a shuka su, kamar yadda manomi ke shuka iri don ya san abin da zai fito.

Gonarsu wani ɗan faifai ne mai murfi. A cikinsa akwai abinci mai daskarewa, wanda ake yi da wata ciyawar teku. Wani lokaci akan haɗa da jinin tunkiya. A shafa abin da aka kawo a bisa, a rufe. A sa cikin wani akwati mai ɗumi daidai da jikin mutum, wato digiri 35 zuwa 37.

Bayan awa 18 zuwa 24 sai a buɗe. Kowace ƙwaya ta yaɗu ta zama ɗan tsibi da ido ke iya gani. Ma'aikaci ya dubi girman tsibin, da launinsa, da yadda ya canza abincin. Ya ɗebi kaɗan ya gwada irin sukarin da ƙwayar ke ci da wanda ba ta ci. Da haka yake gane sunanta.

To ka ji dalilin "ka dawo gobe" ko "ka dawo jibi". Ba wulaƙanci ba ne. Shuka ba ta fitowa ranar da aka yi ta. Shukar jini ma takan ɗauki kwana 2 zuwa 5, ko fiye.

Ba kowane asibiti ke da kayan shuka ba. Ƙananan asibitocin ƙauye ba su da shi. Shi ya sa akan sa abin awo cikin kwalba ta musamman, a aika da shi babban labo.

Mataki na huɗu: wane magani zai ci ta?

Sanin sunan ƙwaya bai isa ba. Sai an san maganin da ke kashe ta. Akan shafa ƙwayar ta rufe faifai duka. Sannan a ɗora ƴan takardu ƙanana, kowace da irin maganin da aka jiƙa ta da shi. A mai da cikin akwatin ɗumi, a kwana.

Da safe sai a duba. Inda magani ya ci, za a ga fili fayau kewaye da takardar, ba abin da ya tsiro. Inda bai ci ba, ƙwayar takan tsiro har gindin takardar. Ma'aikaci ya auna faɗin filin, ya rubuta wa likita: wannan yana ci, wannan ba ya ci.

Abin da sanƙarau ya koya mana

Ƙasar Nijar tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa, daga Senegal har Habasha. Lokacinsa rani ne, daga hunturu zuwa bazara, sa'ad da ƙura ta yi yawa. Yakan lafa idan ruwa ya sauka.

Alamunsa su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, da ƙin haske. Jariri kuwa maɗigarsa takan kumbura, ya ƙi nono. Cutar tana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wasu da suka tashi sukan kurmance.

Don a tabbatar, likita yakan sa siririyar allura a ƙasan gadon baya, ya ɗebi ruwa kaɗan. Ruwan mai lafiya garau yake kamar ruwan sama. Na mai sanƙarau yakan yi gurɓi-gurɓi. Wasu iyaye suna tsoron wannan allura. Suna cewa ita ke kashe yaro. Ba haka ba ne. Ruwan da ake ɗiba kaɗan ne, jiki yana mayar da shi cikin ƴan awoyi. Abin da ke kisa shi ne cutar, da jinkirin zuwa asibiti. Kuma ba a jiran sakamako kafin a fara magani. Da an ɗebi ruwan sai a fara allura.

To, in an riga an fara magani, mene ne amfanin awon? Saurara ka ji.

Ƙwayar meningokok dangi-dangi ce. An ba su sunaye da baƙaƙe: A, C, W, X, Y da sauransu. Rigakafin wani dangi ba ya tsare mutum daga wani. A dā dangin A ne ya fi ɓarna. A 1996 ya kama mutum wajen 250,000 a Afirka, wajen 25,000 suka rasu. A 2010 aka fara wata sabuwar allurar rigakafin dangin A a Burkina Faso, da Mali, da Nijar. Ta yi aiki ƙwarai, dangin A ya kusa ɓacewa.

Amma a 2013 wani sabon iri na dangin C ya ɓulla a jihar Sakkwato, daga baya kuma a jihar Kabi, maƙwabtanmu na Najeriya. A 2015 ya ɓarke a Nijar. Fiye da mutum 8,000 suka kamu, fiye da 500 suka rasu. Yamai da jihar Doso su ne suka fi jin jiki, har da gundumar Gaya da ta Dogon Dutsi. A watan Afrilu na shekarar har an rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki.

Yaya aka san dangin C ne, ba A ba? Daga ruwan gadon bayan marasa lafiya aka sani. Akan aika da shi wata cibiyar bincike a Yamai mai suna CERMES, mai nisan kusan kilomita 300 daga Gaya. A can ne ake tantance dangin ƙwayar. Da aka sani, sai aka nemo allurar da ta dace da dangin C. Ka ga ke nan, uban da ya yarda aka ɗebi ruwan ɗansa bai taimaki ɗansa kaɗai ba. Ya taimaki ƴaƴan unguwa duka.

A 2024 an fara amfani da wata allura da ke tsare mutum daga dangi biyar a haɗe: A, C, W, X da Y. Najeriya ce ta fara, Nijar ta biyo baya a cikin shekarar.

Kwalara da tarin fuka

Gaya gari ne na bakin kogi da bakin iyaka. Ga gada zuwa Malanbil a Benin, ga hanyar Kamba zuwa Najeriya. Fatake da masunta suna kai da kawowa. Ƙwayar cuta kuwa ba a tambayarta takarda a kan iyaka.

Kwalara tana bin ruwa da abincin da bayan gida ya taɓa. Zawonta fari ne kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Takan tsotse ruwan jikin babban mutum cikin ƴan awoyi. A 2021 ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, jihar Doso tana cikin inda ta shiga. Akwai ɗan abin awo na gaggawa da ke ba da alama cikin kamar minti 15. Amma sai an shuka bayan gidan a labo ake tabbatarwa. Kai dai kada ka jira. Ka dama garin gishiri da sukari na asibiti, ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ka riƙa ba mara lafiya yana sha, kuna kan hanyar asibiti.

Ƙwayar tarin fuka kuma dabam take. Jikinta yana da maiƙo, rinin Gram ba ya kama ta sosai. Tana da nata rini, inda take fitowa kamar ƴan jajayen sanduna. Shukarta takan ɗauki makonni. Amma akwai na'ura mai suna GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Tana gano ƙwayar cikin kaki a kamar awa 2. Tana kuma nuna ko ƙwayar ta ƙi jin ɗaya daga manyan magungunan cutar. Duk wanda ya yi mako 2 yana tari, ya je a auna kakinsa. Tarin fuka yana warkewa, amma sai an sha magani wata 6 ba fashi.

Ƙwayar da ta ƙi jin magani

A kasuwa da tasha kana ganin masu tallar magani da tire a ka, rana tana dukansa. Mutum ya sayi kafso biyu, ya haɗiye, ya ji sauƙi, ya bari. Ga abin da ke faruwa cikin jikinsa. Maganin ya kashe ƙwayoyi masu rauni. Masu taurin kai sun tsira. Su ne za su yaɗu, su kama wani. Ran da aka ba da wannan magani kuma, ba zai ci ba. Kamar manomi ne da ya yi noma rabi da rabi, ya bar ƙiri-ƙiri a ƙasa.

Wannan ba ƙaramar masifa ba ce. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum fiye da miliyan 1 suka rasu a duniya saboda bakteriyar da ta ƙi jin magani.

Akwai wata ɓarna kuma. Idan ka sha antibiyotik kafin a ɗebi abin awo, ƙwayar tana iya ƙin tsirowa a faifai. Sai takarda ta nuna ba a ga kome ba, alhali cuta tana nan. Don haka idan likita ya ce: "Baba, ka sha wani magani a gida?" ko "Inna, me kika ba yaron?", a gaya masa gaskiya. A nuna masa kwalin ma in yana nan. Ba faɗa zai yi ba, so yake ya san inda zai dosa.

Abin da za ka riƙe

1. A kai mara lafiya asibiti da wuri, kafin a sha maganin kasuwa.
2. A yi amfani da kwalbar labo kaɗai, a mai da ita da wuri.
3. A duba ko sunan da ke jikin kwalba da takarda naka ne. Yanzu ka iya karatu, kada ka bari a ba ka takardar wani.
4. A koma a karɓi sakamako, a kai wa likita, ko da an ji sauƙi.
5. A sha magani yadda likita ya ce, har kwanakin su cika. Kada a raba shi da maƙwabci.
6. A wanke hannu da sabulu bayan an fito ban ɗaki, da kuma kafin cin abinci. A tafasa ruwan kogi ko a sa masa magani kafin a sha.
7. A kai yara rigakafi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Faɗi amfani biyu da bakteriya ke yi mana.
2. Me ya sa antibiyotik ba ya maganin mura?
3. Waɗanne launuka biyu ne ake gani bayan rinin Gram?
4. Me ya sa ake cewa a dawo gobe ko jibi karɓar sakamako?
5. Wane dangin sanƙarau ne ya ɓarke a 2015? Yaya aka gane shi?
6. Ku tattauna a aji: me za ku gaya wa uban da ya hana a ɗebi ruwan gadon bayan ɗansa?
7. Rubuta waɗannan kalmomi cikin littafinka: bakteriya, awo, madubi, shuka, rigakafi.